Ƙwayar da Adda Ta Ba Ni

Sallama gare ku, masu haƙurin bibiyata. Tun jiya saƙonninku ke shigowa da tambaya ɗaya: Sadiyya, me ya hana ki faɗa wa likita gaskiya tun farko? Yau zan ba ku amsa, wanda zai zage ni ya zaga. A jingine nake wannan rubutu, don kwanciya a miƙe ta daɗe da gagarata.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni 'yar Roni ce, auta a ɗakin mahaifiyata Inno, mahaifinmu kuwa Baffa muke ce masa. An sa ranata da Sama'ilu, ɗan garin Kanya Babba, mai sayen riɗi a ƙauyuka yana kaiwa Kano. Ba wanda ya haɗa mu. A bikin wata ƙawata a Kazaure ya taka min gefen zani, ya tsaya ba da haƙuri har aka tashi daga bikin bai gama ba.

Bayan sa rana ne tari ya kama ni, busasshe, marar kaki. Ga zufa in ina barci har sai na sauya riga, ga ƙaiƙayin jiki ba ƙurji. An gwada ni ko tarin fuka ne, ba a same shi ba. Amma ramewa nake kamar ana tsotse ni, har telata ta rage min rigar kamu sau biyu tana tsaki.

Sai ga Adda Ma'u. Ita ce babbar yayata, tana aure a Kazaure, kuma ita ke gyaran amaren unguwarsu: dilka, halawa, turaren jiki. Ta shigo ta same ni da ɗaurin ƙirji ina shafa mai, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule.

"Inno, wannan ce amaryar? Ai na zaci sandar kiwon Baffa aka ɗaura wa zani."

"Ki bar ta, Ma'u. Ba ta jin daɗi."

"Za ta ji. Kun san matan gidan su Sama'ilu, duk cikakku ne. Gwaggonsa Shatu in ta kalli mace, ƙashin wuya take fara dubawa. Haka za mu kai musu ita, su ce a gidanmu ba a dafa abinci?"

Ta zuge jakarta ta ɗauko wani ƙullin leda. Ƙwayoyi ne farare ƙanana, ba su kai ƙwayar wake ba. Kun san su, kar ku yi kamar ba ku sani ba. Sha-ka-fashe. Ta ce safe da yamma, da kindirmo mai kauri, duk amaryar da ta bi ta hannunta sai ta sha.

Wallahi abin ya yi aiki har ya wuce alƙawarin Adda. Ci ya buɗe, tuwo malmala biyu nake tashi da shi in nemi ƙari. Kumatu suka fito. Abin da ya fi ba ni mamaki, tarin ya ɗauke, zufar ta tsaya, numfashina ya saki. Inno ta ce addu'a ce ta ci. Na ɗauki hoto da atamfata kore mai zanen ganye na tura wa Sama'ilu, nan take ya amso:

"Diyya, wannan kumatun na waye kika aro? Ki mayar wa mai shi kafin biki, kar a zo min gida karɓa."

Na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki. Ban san ranar ce zan daɗe ina tunawa ba.

Da ƙullin ya ƙare, komai ya dawo, kuma ya dawo da 'yan rakiya. In na tashi da safe fuskata a kumbure, idanuna kamar an sa musu nauyi. In na yi sujada sai in ji kamar an ɗura min ruwa a ka an shaƙe wuyana. Wata yamma Sama'ilu ya zo zance, ya ba ni dariya, dariyar ta sarƙe ni har na riƙe bangon zaure. Washegari bai je kasuwa ba. Ya ɗauke mu ni da Adda zuwa Kazaure aka yi min hoton ƙirji. Mai duba hoton ya ɗaga shi a haske ya daɗe, sannan ya ce mu wuce Kano.

A Kano aka tura ni cikin wani inji mai kama da bakin rijiya, ya ɗauki hoton cikin ƙirjina yanki-yanki. Likitar da aka ba mu mace ce, Dakta Lubna, siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta juyo mana da fuskar kwamfuta ta sa bayan biro.

"Nan huhunki na dama, nan na hagu. A tsakaninsu, bayan ƙashin ƙirji, akwai wani ɗan fili. Zuciya na nan, hanyar iska na nan, da manyan jijiyoyin jini. Wannan curin da kuke gani ba wurinsa ba ne. Yana danne jijiyar da ke sauko da jini daga kai, shi ya sa fuskarki ke kumbura."

Sama'ilu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Likita, mene ne shi?"

"Hoto yana nuna min inda yake da girmansa, amma ba ya faɗa min sunansa. Zai iya zama tarin fuka da ya zauna a kaluluwar ciki. Zai iya zama ƙari da za a cire da aiki. Zai iya zama kansar kaluluwa. Kowanne maganinsa daban, in na ba ta na wani na cuce ta. Sai mun ɗebo ɗan namansa da allura an duba a ɗakin gwaji."

Sai ta juyo gare ni. "Kina shan wani magani? Na kemis, na gargajiya, ko na ƙarin jiki?"

Ga amsar tambayarku nan. Sama'ilu na zaune a gefena, gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Adda ta ɗora ƙafarta a kan yatsuna ta danna. Ku faɗa min, da wane baki zan ce a gaban mutumin nan kumatun da yake yabo a leda aka kawo min su?

Na ce, "Babu. Sai maganin ciwon kai."

Kafin ranar allurar Adda ta kawo sabon ƙulli, ta ce in ninka don in sami ƙarfin jure aikin. Ba zan ɗora mata duka ba. Ni ma ina so, domin ita kaɗai ce ke barina in kai goshina ƙasa. Aka yi allurar, aka kashe min wurin, na ji wata 'yar ƙara kamar an harba ɗanƙo, aka manna auduga aka ce mu dawo.

Ranar komawa Sama'ilu na can bakin iyaka yana lodin mota, sai ni da Adda. Dakta Lubna ba ta kalli kwamfuta ba wannan karon, ni ta kalla. Ta kalli fuskata, ta kalli wuyana ta baya, ta ce in ɗaga hannun riga. Ta daɗe a kan wasu jajayen layuka da suka fito min a damtse. Sannan ta ce wa Adda, "Hajiya, ɗan ba mu wuri."

Ƙofa na rufuwa ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Ƙanwata, naman da muka ɗebo bai karantu ba. Duk a narke yake, masu gwaji sun rasa abin kamawa. Abu ɗaya na sani da ke yawan jawo haka. Fararen ƙwayoyin nan na ƙiba, tun yaushe?"

Hawaye kawai suka zubo min.

"Ba ke ce ta farko ba, kuma ba faɗa zan yi miki ba. Ƙwayar nan tana rage girman irin wannan curi na ɗan lokaci. Shi ya sa kika ji sauƙi. Amma ba ta kashe shi, fuska kawai take rufe masa, mu kasa gane shi."

"To in daina yau?"

"A'a. Kar ki kuskura ki yanke lokaci ɗaya, jikinki ya saba da ita, zai iya kayar da ke. A nan za mu rage ta a hankali, kina kan gado idonmu na kanki, don tana raguwa numfashinki zai ƙara matsewa. In ta sake shi, mu sake ɗiba. Wataƙila wannan karon sai an yi 'yar tsaga a gefen ƙashin ƙirji."

"Likita, ranar Asabar za a kawo lefena."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Ni ba zan ce ki fasa aure ba. Amma wata rana ƙwayar za ta daina riƙe shi, kuma ba za ta yi shawara da ke ba. Cikin cututtukan da nake zargi akwai waɗanda ake warkewa sarai, in an san sunansu da wuri. Ni sunan nake nema, Sadiyya. Ki bar ni in same shi."

Ta sa lambarta a wayata, ta ce ko ranar hutu ce in zo ta ɓangaren gaggawa in kira ta.

A motar komawa na faɗa wa Adda komai cikin raɗa. Ta juya fuska ga taga har muka wuce gari biyu. Can wayarta ta yi ƙara, Sama'ilu ne, ya kira tawa ban ɗauka ba. Kafin in riƙe hannunta ta amsa.

"Angon ƙanwata, albishirinka. An ce ba kansa ba ce. Ciwon sanyi ne ya taru, magani za ta sha."

Ina jin hamdalarsa daga inda nake. Da ta kashe na ce, "Adda, me kika yi?"

"Aurenki na rufa wa asiri. Ki yi min shiru."

A gida ta ja Inno ɗaki. Na zaci Inno za ta tsaya min. Ta fito idonta jajir, ta zauna a bakin gadona ta kama tafin ƙafata tana matsawa kamar yadda take min ina ƙarama.

"Auta, ki daure a yi bikin nan tukuna."

"Inno, likita ta ce ba ya jira."

"Na ji abin da ta ce. Amma in kina ɗakinsa, ciwonki nasa ne, dole su riƙe ki. In suka ji yanzu, an tsaga ƙirjin amarya, ana zancen kansa, uwarsa ba za ta bari ba. Daga nan wa zai ƙara tako ƙofar gidan nan saboda ke?"

"In na mutu a ɗakin nasa fa?"

Ta rufe min baki da tafinta. "Kar in ƙara ji. Kuma kar Baffanki ya sani."

Haka na ci gaba da sha. Sama'ilu kuwa saƙo kan saƙo. Ya turo hoton akwatuna ruwan hanta a jere a ɗakin mahaifiyarsa. Ya turo hoton wani leshi ruwan zuma, ya rubuta: "Wannan ni na zaɓa, Gwaggo ta ce ba ni da ido. Ki raba mana gardama." Ya ce ranar Juma'a ya raba sadakar waina a ƙofar masallaci saboda labarin da Adda ta ba shi. Kowane saƙo in na karanta sai in kife wayar a ƙirjina, daidai inda abin yake.

Asabar ta zo, gida ya cika tun hantsi. Ana suyar kaji a bayan ɗaki, cincin da dubulan a manyan robobi, lemo a baho cikin ƙanƙara. An shimfiɗa tabarmi sababbi a tsakar gida. Adda na ta kai-kawo da leshinta shuɗi, ɗaurinta ya kusa taɓa rufin rumfa. Ni an ce in zauna a ɗaki kar a gan ni, kamar yadda aka saba, sai in baƙi sun nemi a gaisa.

Na sha ƙwayar safe, ninki kamar kullum. Da azahar ta yi na tayar da salla. Na yi ruku'u, ɗakin ya juya. Na nufi sujada, kafin goshina ya isa dadduma iska ta yanke min gaba ɗaya, kamar an sa gwiwa a maƙogwarona. Na ɗago da rarrafe na jingina da gado ina jan numfashi yana fito. A madubin sif na hango kaina: fuska ta yi suntum, leɓe ya yi duhu, jijiyoyin wuyana sun tashi ruɗu-ruɗu har saman ƙirji. Ranar da likita ta faɗa ce ta zo, kuma da ƙwayar a cikina.

Na ƙarasa sallar a zaune. Sannan na ɗauki waya na danna saƙon murya, don yatsuna ba za su iya rubutu ba.

"Yaya Sama'ilu, ka yafe min. Abin da Adda ta faɗa maka ba haka ba ne. Ba a gano ciwon ba, kuma ni na jawo. Ƙwayar ƙiba nake sha tun kafin hoton Kazaure, ita ta ɓata gwajin. Likita ta ce sai an kwantar da ni an sake, wataƙila da tsaga, kuma wataƙila kansa ce. Yau na kasa sujada. Ban so a sauke kayanka a gidanmu ba ka sani ba."

Na tura. Alama ta nuna ya saurara. A waje wata na tambayar inda aka ajiye faranti, wata na dariya. Na zuba wa wayar ido har ta dushe, na taɓa ta, ta sake dushewa.

Da ta yi ƙara sai da ta kusa suɓuce min.

"Sadiyya." Bai taɓa kiran sunana cikakke ba.

"Na'am."

"Ina zaune a gefenki matar nan ta tambaye ki."

"Na sani."

"Ni na ce miki ina son ƙiba? Yaushe na faɗa?"

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, da numfashinsa.

"Yanzu kina iya numfashi?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Su Gwaggo sun wuce Kazaure. Zan kira ta, zan kira Hajiyata."

"Me za ka ce musu?"

Ya kashe.

Ba a jima ba na ji tsayuwar motoci. Matan gidanmu suka ɗauki guɗa. Na ja jiki zuwa taga na ɗaga labule kaɗan. Ƙaramar mota a gaba, bas a baya, akwatunan a samanta an ɗaure da igiya. Yaran unguwa sun kewaye suna jiran a ce su sauke. Ba wanda ya taɓa igiyar. Matan cikin bas ɗin ma ba su motsa ba. Mace ɗaya ce ta fito, doguwa, dattijuwa, da farin mayafi da carbi a hannu. Guɗar ta yi ƙasa, ta mutu.

Gwaggo Shatu ta amsa gaisuwa a tsaye, ta ƙi tabarma, ta ce a nuna mata ɗakin yarinyar. Inno da Adda suka biyo ta. Na yunƙura zan durƙusa.

"Zauna yadda kike, kar ki sunkuya."

Ta sa yatsa a haɓata ta ɗaga fuskata zuwa hasken taga. Ta janye hijabina ta kalli wuyana ta daɗe.

"Tun yaushe kike salla a zaune?"

"Yau na fara, Gwaggo."

Ta juya ga Adda. "Ke ce mai gyaran?"

Adda ta sunkuyar da kai, ɗaurin nan ya karkace. Na jira a wanke ta tas. Gwaggo ta sauke numfashi kawai.

"Tawa 'yar ma ta sha kafin bikinta. Ni na saya mata da hannuna." Ta mayar min da hijabin. "Haɗa mata kayan sawa da bargo. Direba zai kai mu Kano yanzu."

Inno ta matso. "Hajiya, kayan fa? Jama'a sun taru, an yi girki."

"Uwarsa ta kira ta ce in juya da su. Shi ya kira ya ce in na juya da su, kar a sake sa shi a lissafin gidan. Ni kuwa ba na sauke kaya a kan gardama, ba na kuma mayarwa. Su zauna inda suke."

Ta tsakiyar mata aka fito da ni, Gwaggo riƙe da hannu ɗaya, Inno riƙe da ɗaya. Ban kalli kowa ba, amma ina jin idanu a bayana. Baffa na tsaye a ƙofar zaure da buta a hannu, yana tambayar abin da ya faru, ba mai ba shi amsa. Aka sa ni a gaban bas aka tayar min da kujera. Na kira Dakta Lubna, ta ce kar a bari in kwanta, tana nan tana jira.

A Kazaure muka tsaya, sauran matan suka sauka za su nemi motar gida, wasu ko sallama ba su yi min ba. Na gwada lambar Sama'ilu, a kashe. Na sake, a kashe. Wayar Gwaggo ce ke ta ruri a cinyarta, sunan mahaifiyarsa na haskawa. Ta bar ta ta gaji, ta sake ɗaukar ruri.

Na ce, "Gwaggo, ku ɗauka mana. Ko me za ta ce, gara in ji."

Ta kife wayar, ta ja carbinta.

"Ba yanzu ba. Likita ta fara faɗin sunan ciwon, sannan kowa ya faɗi tasa. Direba, mu je."

Motar ta hau titin Kano. Duk ramin da muka faɗa, ina jin akwatunan na motsi a saman kaina, ban sani ba ko har yanzu kayana ne.